Akokan: Wa zai biya kuɗin numfashin tsofaffin ma'aikatan Cominak?

Ranar 31 ga Maris na 2021 kamfanin Cominak ya tsayar da haƙar uranium a Akouta, bayan shekara 43 ana fitar da ƙarfen daga ramin da zurfinsa ya kai mita 250 a ƙarƙashin ƙasa. Kusan tan 75,000 aka fitar tun daga 1978. An sallami ma'aikata kimanin 600, ban da ɗaruruwan 'yan kwangila da suka koka cewa tsarin sallamar bai haɗa da su ba. Akokan, garin da aka gina domin waɗannan ma'aikata a gefen Arlit cikin jihar Agadez, ya wayi gari babu sana'ar da ta haife shi.

Abin da aka bari a baya kowa na ganinsa: tsaunin tarkacen ma'adini mai tururin guba, kimanin tan miliyan 20, shimfiɗe a fili mai faɗin hekta 120. An tsara kashe kimanin sefa biliyan 95 wajen gyara wurin, ciki har da lulluɓe tsaunin da laka da dutse mai kaurin mita biyu, aikin da aka ce zai ɗauki shekara goma. Babu mai hankalin da zai ce kada a yi. Amma ƙurar ramin ba a kan tsaunin kaɗai ta tsaya ba. Wani kaso nata ya tafi gida a ƙirjin mutanen da suka yi shekara ashirin ko talatin suna sauka cikin ramin, kuma shi ba a yi masa kasafi mai kama da wannan ba.

Abu biyu ne ke lalata huhun mai haƙar uranium a ƙarƙashin ƙasa. Na farko ƙurar dutse, wadda ƙwayoyinta ba sa ganuwa da ido. Idan ta shiga can cikin huhu ba ta fitowa, sai jiki ya yi ta yin tabo a kewayenta har huhun ya ƙandare, ya kasa buɗewa. Likitoci na kiran cutar silikosis, kuma ba ta da maganin warkewa. Na biyu iskar radon, wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana fita daga dutsen uranium, kuma an daɗe da tabbatar da cewa tana haddasa kansar huhu. An ga haka a mahaƙan Wismut na tsohuwar Jamus ta Gabas, inda aka amince da dubban mutane a matsayin waɗanda aiki ya jawo musu cutar. An gani a ƙasar 'yan ƙabilar Navajo a Amurka. Muguntar cututtukan biyu ita ce jinkirinsu. Mutum na iya barin aiki garau, sai bayan shekara 10 ko 20, wani lokaci 30, ya ga hawa matakala uku ya zame masa aiki, tafiya masallacin unguwa sai da hutu a hanya. Huhun da ƙura ta ci kuma ya fi saurin kamuwa da tarin fuka, shi ya sa sau da yawa ake maganin tarin, a manta da abin da ya buɗe masa ƙofa.

A Faransa ko Kanada, mara lafiyar da huhunsa ya kai ƙarshen ƙarfinsa ana duba ko ya cancanci shiga layin dashen huhu. An fara gwada wannan tiyata a 1963 a jihar Mississippi ta Amurka, mutumin ya rayu kwana 18. Sai a 1983 likitocin Toronto suka yi wanda ya ɗore, mai cutar tabon huhu ya ƙara fiye da shekara shida a duniya. Yanzu a Amurka kaɗai an yi dashe sama da 3,000 a 2023. Amma ko a can huhu ba ya samuwa ranar da ake so. Ana jira watanni, wasu fiye da shekara, wasu kuma rai na yin halinsa kafin layi ya zo kansu. Wannan jira ne ya sa likitoci suka ƙware a wani fanni: yadda za a riƙe numfashin mutum ba tare da an zura masa bututu a maƙogwaro an kwantar da shi a sashen masu tsananin jinya ba. Dalilin a fili yake. Wanda aka sa wa bututu aka ba shi maganin barci, cikin kwanaki namansa ke zubewa, ƙwayoyin cuta na samun hanya zuwa huhunsa, damar ya jure babbar tiyata tana raguwa. Wanda aka taimaka masa ta hanci ko ta takunkumin fuska kuwa yana farke, yana ci, yana magana, yana tari da kansa, har ana sa shi motsa jiki.

Kayan aikin matakai ne. Mafi sauƙi shi ne ƙarin iskar oksijin ta siririyar roba a hanci. Iskar da kowa ke shaƙa kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijin. Akwai na'ura mai girman ƙaramin firji da ke zuƙar iskar ɗaki, ta tace ta, ta fitar da mai oksijin sama da kashi 90, lita biyar a minti, ba sai an ɗauko tukunya daga wani gari ba. Sama da ita akwai na'urar da ke tura iska mai ɗumi da laima ta hanci da ƙarfi, har lita 60 a minti, wadda asibitoci da dama suka saba da ita lokacin korona. Sai na'urorin takunkumi. CPAP, wadda wani likita a Sydney mai suna Colin Sullivan ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, tana riƙe matsin iska iri ɗaya domin hanyar numfashi ta zauna a buɗe. BiPAP kuma matsi biyu take bayarwa, mai ƙarfi idan mutum ya ja numfashi, mai sauƙi idan ya saki. Ita ce ke ɗauke wa naman ƙirjin da ya gaji wani kaso na aiki, ta taimaka a fitar da gurɓatacciyar iskar da ke taruwa a jini, wadda ke sa mara lafiya ya tashi da ciwon kai da safe, ya wuni yana gyangyaɗi. Yawanci da dare ake sa ta. Likitocin dashe suna kiran duk waɗannan gada, wato abin da za a taka a ƙetare zuwa ranar tiyata.

To a Akokan gadar za ta kai mutum ina? Gaskiyar magana, babu inda za ta kai shi. Ba a dashen huhu a Nijar. A nahiyar Afirka ma, cibiyoyin da aka sani da wannan aiki 'yan kaɗan ne, fitattun suna Afirka ta Kudu. Huhun da za a dasa daga jikin wanda ya rasu a sashen masu tsananin jinya ake cire shi, kuma a al'ada cikin awa shida zuwa takwas ake so ya shiga ƙirjin mai karɓa. Daga Arlit zuwa Agadez kilomita 240 ne, zuwa Yamai kimanin 1,200, a kan hanyar da ake kira hanyar uranium, wadda duk wanda ya bi ta ya san yadda ta koma. A Amurka kuɗin da ake caji na dashen huhu biyu ya haura dala miliyan 1. Bayan tiyata kuma akwai magungunan hana jiki ƙin sabon huhu, kullum har ƙarshen rayuwa, da gwajin jini a kai a kai, duk da haka rabin waɗanda aka yi wa ba sa wuce shekara shida zuwa bakwai. Mai kansar huhu kuwa, in ban da wasu yanayi ƙalilan, ba a sa shi a layin ko a birnin Paris ne.

Daga nan ne mutane da yawa, ciki har da jami'an lafiya, ke yanke hukuncin da bai dace ba: tunda babu dashe, babu abin yi, sai a koma gida a yi haƙuri. Haƙuri ibada ne, amma ba uzurin hukuma ba ne. Kayan da ake riƙe masu jiran dashe da su magani ne mai zaman kansa, kuma an tabbatar da haka a kan mutanen da ba su taɓa shiga layin dashe ba. Tun a 1980 da 1981 wasu manyan bincike biyu, ɗaya a Arewacin Amurka ɗaya a Birtaniya, suka nuna cewa masu cutar toshewar hanyoyin huhu da oksijin ya yi ƙaranci ƙwarai a jininsu sun fi tsawon rai idan suna samun ƙarinsa aƙalla awa 15 a rana. A 2014 wani bincike da likitocin Jamus suka jagoranta ya gwada takunkumin dare a kan masu irin wannan cuta da gurɓatacciyar iska ta taru a jininsu. Cikin shekara guda kashi 12 na waɗanda aka ba na'urar suka rasu, a ɗaya rukunin kuwa kashi 33. Ƙwayar maganin da za ta yi irin wannan aiki, da tuni ana tallarta a rediyo.

Ba kowa takunkumin ke yi wa amfani ba, kuma ya kamata a faɗi haka ƙarara domin kada a sayar wa iyalai fatan da babu shi. Wanda huhunsa ya ƙandare da tabo, matsalarsa ta farko ƙarancin oksijin ce, BiPAP ba ta cika canza masa lissafi ba. Oksijin ya fi buƙata, kuma ko shi ɗin ba ya tsayar da cutar. Abin da yake yi shi ne ya rage wa zuciya wahala, ya ba mutum damar yin alwala da kansa, ya zauna a ƙofar gida, ya yi barci ba a zaune ba. Mai ganin wannan ƙaramin abu ne bai taɓa kwana a ɗaki ɗaya da wanda numfashi ke gagara ba. Bambance wanda ke buƙatar wannan da wanda ke buƙatar wancan kuma aikin gwaji ne: hoton ƙirji da wanda ya san karanta tabon ƙura zai duba, na'urar busawa da ke auna ƙarfin huhu, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, da gwajin iskar da ke cikin jini. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fi ƙarfin garin da ya yi shekara arba'in yana da asibitocin kamfani guda biyu.

Babban cikas shi ne wuta. Na'urar tace oksijin tana cin kimanin wat 350, wato idan za ta yi awa 15 tana buƙatar kimanin kilowat-awa biyar a rana, ba yankewa. Wutar yankin daga tashar kwal ta Sonichar da ke Anou Araren kusa da Tchirozérine take zuwa, tashar da aka gina musamman domin mahaƙan, kuma mazauna Arlit da Agadez ba baƙin ɗaukewar wuta ba ne. Ga zafi: yawancin na'urorin an ƙera su ne su yi aiki a ƙasa da digiri 40, bazarar Arlit kuwa tana wuce haka. Ga ƙura mai toshe matata. Saboda haka duk shirin da ya tsaya a raba na'ura gaban kyamara, babu faranti da batirin sola, babu mai gyara, babu matatar canji, wata shida ya yi yawa na'urar ta koma teburin ajiye kwanuka. Akokan dai ba ta rasa rana ba, ba ta kuma rasa masu gyara ba. Garin cike yake da tsofaffin ma'aikatan lantarki da kanikawan da suka riƙe injunan tura iska cikin rami mai hanyoyi sama da kilomita 200. Wanda ya yi wannan ba zai gagara canza matata ba idan an horar da shi mako biyu aka kuma biya shi.

Matsalar ba ta Akokan kaɗai ba ce. A Mayun 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙudurin faɗaɗa samar da oksijin na asibiti, Nijar na cikin ƙasashen da ƙudurin ya hau kansu. Wani rahoton masana da mujallar Lancet Global Health ta wallafa a Fabrairun 2025 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara, cikin mutum goma da ke buƙatar oksijin, kusan tara ba sa samu. Abin da ya bambanta Akokan shi ne a nan an san inda ƙurar ta fito, an san wanda ya ci riba, an kuma san sunayen waɗanda suka shiga ramin, domin duk wata ana biyansu albashi.

Kan wannan ne aka shafe fiye da shekara ashirin ana jayayya. Ƙungiyar Aghir In'man ta Almoustapha Alhacen, shi kansa tsohon ma'aikacin mahaƙar Somaïr, ita ta jawo ɗakin binciken CRIIRAD na Faransa zuwa Arlit a ƙarshen 2003. A Nuwambar 2009 Greenpeace ta ce ta auna tururi a wani titi na Akokan da ya ninka na al'ada har sau 500. Kamfanin Areva, wanda ya koma Orano, ya sha cewa yana bin ƙa'idojin ƙasa da ƙasa, kuma abin da ma'aikatansa ke ɗauka bai wuce iyaka ba. A ƙarshen 2011 aka kafa cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata ta jihar Agadez, OSRA, amma shekara guda bayan haka ƙungiyar lauyoyi ta Sherpa ta fice daga yarjejeniyar da ta haifar da ita, tana zargin an mayar da abin aikin gyara suna. A Faransa, iyalan wani Bafaranshe da ya yi aiki a Cominak daga 1978 zuwa 1985 ya kuma rasu da kansar huhu a 2009 sun yi nasara kan Areva a wata kotu a Melun a 2012. Kotun ɗaukaka ƙara ta Paris ta rushe hukuncin a 2013, bisa hujjar cewa Cominak ce ta ɗauke shi aiki, ba Areva ba. Idan mai fasfon Faransa da lauyoyi a Paris ya ƙare a haka, ɗan kwangilar da ya koma Tahoua ko Zinder ba shi da ko takardar sallama sai ya kama gabansa. Fim ɗin Amina Weira na 2016, 'yar wani tsohon ma'aikacin mahaƙar, ya nuna irin waɗannan dattawa suna lissafa abokan aikinsu da suka riga su.

Wasu ƙasashen sun daina jiran kowane mutum ya tabbatar da shari'arsa shi kaɗai. A 1990 Amurka ta yi dokar da ke ba mai haƙar uranium dala 100,000 idan ya nuna ya yi aikin a lokacin da dokar ta ƙayyade kuma yana da ɗaya daga cikin cututtukan da ta lissafa, ciki har da kansar huhu, tabon huhu da silikosis. A Afirka ta Kudu, kamfanonin zinariya shida sun amince a 2018 su zuba rand biliyan 5 a asusun Tshiamiso domin masu silikosis da tarin fuka, har da waɗanda suka koma Lesotho da Mozambik. Duka biyun suna da naƙasu, ana kuka da jan ƙafa wajen biya. Amma sun ɗauke nauyin hujja daga wuyan mara lafiya, kuma wannan shi ne abin koyi.

Yanzu kiɗa ya canza a Nijar. Gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ƙwace lasisin Imouraren a Yunin 2024, ta kuma mayar da Somaïr mallakar ƙasa a Yunin 2025, takaddama da Orano tana gaban kotunan sasanci na ƙasa da ƙasa. Matasa da yawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Gwamnatin Nijar ba 'yar kallo ba ce a Cominak tun asali, kamfaninta Sopamin na da kashi 31 na hannun jari. Wanda ya karɓi rami ya karɓi mutanen da ramin ya ci. Neman Orano ta biya haƙƙi daidai ne, a kai shi duk kotun da za a kai, amma shari'ar sasanci shekaru take ɗauka, mai oksijin kashi 84 a jini kuwa ba shi da shekarun. Kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin gyaran wurin sefa miliyan 950 ne. Ko an ƙaddara na'urar tace oksijin da solarta da batirinta a kan sefa miliyan biyu, wannan kuɗi zai kai gidaje sama da 400. Gwamnati na iya fara kashewa, ta rubuta a cikin abin da take bin kamfanin.

'Yan Arlit da Akokan da ke Aljeriya, Libiya, Turai da Amurka su ne ke ɗauke da jinyar iyaye a yanzu, kuma akwai kurakuran da son zuciya na alheri ke jawowa. Ana tara kuɗi a WhatsApp domin kai dattijo Indiya a yi masa dashe, alhali babu likitan da ya ce ya cancanta, kuɗin su ƙare a tikiti da otal. Ana aiko da CPAP ta hannu da aka saya a intanet, wadda aka saita wa mai minshari, ga wanda ciwonsa daban ne. Ya kamata a sani cewa a Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa na CPAP da BiPAP saboda soson da ke cikinsu yana rududdugewa ana shaƙa, kuma irin waɗannan kaya kasuwar gwanjo suke faɗawa. Oksijin ma magani ne mai awo. Ga mai toshewar hanyoyin huhu, likitoci kan nemi a tsaya tsakanin kashi 88 zuwa 92, domin yawansa na iya sa gurɓatacciyar iska ta taru har mutum ya suma. Tukunyar masu walda ba ta asibiti ba ce. Sigari ko mangal ɗin shayi kusa da robar oksijin kuwa gobara ce a fuskar mara lafiya. Kuɗin da aka fi cin moriyarsa shi ne na gwaji tukuna, sannan na'urar da likita ya rubuta, sannan sola.

Kuma layin bai ƙare da tsofaffin Cominak ba. Tun 2014 dubban matasa ke tururuwa zuwa Djado da Tchibarakaten neman zinariya, suna fasa dutse da niƙa shi a bushe, rawani kawai a hanci. Ƙura mai yawa irin wannan ba ta jiran shekara talatin, tana iya gama da huhu cikin 'yan shekaru. A ƙauyukan zinariya na arewacin Najeriya an gwada fesa ruwa a kan injunan niƙa, ƙurar dutsen da ake shaƙa ta ragu da kusan kashi 80. Su waɗannan matasa ba su da kamfanin da za su kai ƙara, kuma asibitocin Arlit da Agadez za su nufa.

Matakin farko ba ya buƙatar hukuncin wata kotu. Takardun albashin Cominak da Somaïr suna nan, rajistar asusun fansho na CNSS tana nan, kamfanonin kwangila ma suna da sunayen waɗanda suka tura cikin rami. Ma'aikatar lafiya na iya haɗa su wuri guda, ta kira kowa, ma'aikaci da ɗan kwangila, na Akokan da wanda ya koma garinsu, a yi masa hoton ƙirji da gwajin busawa, a ba shi sakamakonsa a hannu, a kuma wallafa jimillar abin da aka samu. Aghir In'man da CRIIRAD sun yi shekaru suna neman bincike mai zaman kansa irin wannan, a lokacin da takardun ke hannun kamfanin Faransa. Takardun Somaïr yanzu suna hannun gwamnatin Nijar.